Shanu Shida a Gwangwanin Madara

Tun ba a yi sadakar arba'in ta Malam Hadi ba maganar ta fara yawo a Gwaram: wai kafin ya rasu ya taɓu. Wai a shekara ukun ƙarshe na ransa, da ya dawo daga makarantar da yake koyarwa sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ya tayar da ɗan janareta, can an jima a ji shi yana kiran shanu da sunayensu, a gidan da ko akuya babu. Wai kuma an sha ganinsa ranar Asabar a tsohon burtalin Sara, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, shi kaɗai, kai a sunkuye, baki yana motsi, a yi masa sallama ba ya amsawa.

Yayarsa Hajiya Turai ta ji maganar tun a wurin zaman makoki, ta bar ta a inda ta ji ta. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da lissafi a Birnin Kudu, kuma ta daɗe da lura cewa duk zancen da ya fara da "wai", in ka nemi wanda ya gani da idonsa sai a ce maka ya yi tafiya. Ta ga mai sunan yana ƙasa, babu abin da surutu zai rage masa. Ta ɗauko 'yarsa ɗaya tilo, Juwairiyya, mai shekara shida, ta dawo da ita Birnin Kudu ta sa ta makaranta.

Shekara goma sha takwas maganar tana kwance, sannan ta tashi ta biyo su har gida.

Juwairiyya ta zama ungozoma, tana aiki a asibiti. Wani malamin gona mai suna Munzali ya fito neman aurenta, an kai gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Sai shiru. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku, Munzali ya koma sai dai ya kira waya ya yi ta kame-kame. Turai ta sa aka bincika mata, aka dawo da bayani: baffan yaron, Alhaji Dabo mai hatsi, wanda shi ne zai karɓa masa auren, ya ce ba ya ƙin yarinya, tarbiyyarta kowa ya shaida, amma ba zai ɗauko wa zuriyarsu jinin taɓuwa ba. Kuma a wannan karon maganar ta zo da mai ita. Dabo mutumin Sara ne, ya ce shi da kansa ya ga Hadi a burtali, ba wani ya faɗa masa ba.

Da yamma Juwairiyya ta dawo daga aiki, ta zauna a bakin tabarma ko takalmi ba ta cire ba.

"Gwaggo, gaskiya ne?"

Turai ta buɗe baki za ta ce ƙarya ce, sai ta rufe. A shekarun nan uku ita tana Birnin Kudu, ganinta da ƙanenta bai wuce na salla da na biki ba. Ta sha dukan teburi tana hana yara rubuta amsar da ba su yi aikinta ba, ba za ta fara da tsufanta ba.

"Ban sani ba," in ji ta. "Amma zan sani."

Washegari ta hau motar Gwaram. Damina ce, dawa ta kai ƙugu hagu da dama, direba yana ta kauce wa ramuka yana ba fasinja haƙuri. Ta sauka gidan Zahara'u, uwar Juwairiyya, wadda har yanzu ke zaune a gidan marigayin. Bayan gaisuwa da ruwa da fura, Turai ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce mata tana son gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Zahara'u ta ce kiran shanu kam gaskiya ne, ita ma da kunnenta ta ji. Wani lokaci suna ɗaya zai yi ta maimaitawa, sau goma, sau ashirin, yana sauya murya, ya yi fito, ya yi shiru, ya sake. Ta ce tsoro ya kama ta har ta tare shi da tambaya, sai ya yi dariya ya ce ta bari Juwairiyya ta iya karatu tukun, za su gani. Amsar ma ba ta kwantar mata da hankali ba, don ba ta ga abin da ya haɗa karatun yarinya da shanun da babu su ba. Amma ban da wannan, in ji ta, yana cin abincinsa, yana sallarsa a jam'i, yana duba takardun ɗalibansa, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ciwon ciki na kwana uku ne ya ɗauke shi.

Turai ta tambayi inda kwamfutarsa take, tsohuwar da makaranta ta yar ya roƙa ya gyara. Zahara'u ta ce ɓeraye sun yi gida a ciki, ta ba masu sayen gwangwan. Littattafan da yake rubutu a ciki kuwa gara ta cinye su tun daminar farko. Sannan ta ce akwai dai abu ɗaya, amma sai ta yi alwala.

Ta dawo da hannu a jiƙe, ta taka kujera, ta sauko da wani gwangwanin madara daga kan allon da take ajiye Alƙur'ani. A ciki, naɗe da farin ƙyalle, akwai faya-fayen kwamfuta na da guda shida, baƙaƙe masu kusurwa huɗu, kowanne da 'yar takarda manne da rubutun Larabci. Ta ce ta so ta haɗa su da kwamfutar ta bayar, sai ta ga rubutun. Abin da ke ɗauke da baƙin Larabci ba a ba mai gwangwan, ba a zubarwa a juji, ƙonawa kuma ta ji tsoro. Ta gwada karantawa, ba aya ba ce, ba kuma addu'ar da ta sani ba, sai ta ɗauka wasu sunaye ne na asiri. Shekara goma sha takwas ke nan tana sauya musu ƙyalle, tana kare su daga raɓa da zafi.

Turai ta sa tabarau ta ɗaga na farko wajen haske. Ajami ne, rubutun Hadi mai jirkicewa hagu. Ta karanta a fili: Fure. Ta ɗauki na biyu: Wule. Sai Saige, da Nore, da Amare, da Ole. Dariya ta ƙwace mata, kafin ta gama hawaye ya biyo baya.

"Zahara'u, shanun Baba kike yi wa alwala."

Su Turai mutanen rugga ne a Farin Dutse. Fulatanci ya bar bakinsu tun zamanin kakanni, bai bar musu komai ba sai sunayen shanu, kowace da launinta. Waɗannan shida su ne manyan garken ubansu lokacin suna yara, su ne Hadi ya yi kiwo kafin a kai shi boko. Jikokin shanun nan ne cutar bushiya ta share a shekara guda, daga nan gidan bai sake ɗaure saniya ba. Zahara'u 'yar manoman cikin gari ce, ina za ta sani.

A Birnin Kudu mutum ɗaya Turai ta yarda da shi a kan irin wannan: Safiyanu mai shagon kwamfuta kusa da tasha, wanda ke gyara da buga takardu. Gemunsa ya yi fari, yana da jikoki, amma da ya hango ta sai da ya miƙe tsaye, don ita ta koya masa raba dogon lissafi, kuma bai koya da daɗi ba. Da ya ga abin da ke cikin gwangwanin sai ya riƙe baki. Ya ce rabonsa da irin waɗannan ya kusa shekara ashirin, duk shagon nan babu injin da ke da ramin da za a sa su, kuma kowa ya san faifan da ya shekara goma ya mutu.

"Kowa wa?" in ji Turai. "Ka gwada ne?"

Ya ce bai gwada ba, Malama. Ya sa cigiya a zauren hira na masu gyara da ke cikin wayarsa. Kafin la'asar wani mutum a Kano, wanda Safiyanu bai taɓa gani ba, ya ce yana da ɗan akwatin da ke karanta su, ana jona shi jikin kwamfuta, a turo direba ya karɓa, in an gama a mayar. Kwana biyu akwatin ya iso a cikin kwalin sabulu.

Safiyanu ya ce kafin komai sai ya kwashe abin da ke ciki ya ajiye, don tsohon faifai ba ya jure yawan juyi. Biyar suka karantu lami lafiya, akwatin yana 'yar ƙara kamar ana niƙa a maƙwabta. Amare ce ta ƙi. Ya fitar, ya ja ɗan murfin ƙarfen, ya ga tabon danshi, ya goge a hankali da auduga, ya mayar. Sai a karo na huɗu ta ba da abin da ke cikinta. Turai, da ke zaune a kujerar roba da carbi a hannu, ta ce dama can Amare ba ta son a taɓa ta.

Daga nan sabuwar kwamfutar ta ce ba ta san wannan yare ba. Safiyanu ya yi bayani cewa abin an rubuta shi ne don injunan da, sai an ɗauko wata manhaja daga intanet wadda ke sa sabon inji ya yi shigar tsoho. Ya ɗauko, ya ɗora. Allon ya yi baƙi ƙirin, sannan farin rubutu ya fito, da Hausa:

SHIGO DA SU ƊAYA BAYAN ƊAYA, YADDA SUKE TAFIYA.

Ya duba ya ce abu ɗaya ne babba aka yanka shida don ya shiga faya-fayen, kuma sai an jera yankan daidai zai haɗu. Babu lamba a jikinsu, sai sunaye. Ya gwada yadda suke jere a gwangwani, allon ya cika da tarkacen launi. Turai ta ce ai wannan ba wuya, babba ce gaba: Fure uwar garke, sai 'ya'yanta bisa haihuwa. Ta jera masa su ba tare da ta tsaya tunani ba. Aka jira minti goma yana haɗawa. Rabin bishiya ya fito kai a ƙasa, sauran allon kamar an watsa tsaki.

Safiyanu ya ce to sai a yi ta gwadawa har a dace, ai shida ne kawai.

"Shida sau biyar sau huɗu sau uku sau biyu," in ji ta. "Nawa ke nan?"

Ya fara laluben waya.

"Ɗari bakwai da ashirin. Kowanne minti goma. Kwana goma sha biyar ke nan ka rufe shago. Har yanzu kana nan yadda na bar ka, Safiyanu."

Ya ce zai yi, ko na wata ne. Ta ce ta sani, shi ya sa ba za ta bari ba.

Ta fito tana jin haushin kanta. Ita da ke yi wa mutane dariya a kan "kowa ya sani", ga shi ta ɗauko nata: babba ce gaba. Wa ya faɗa mata? A gida ta san shanun nan, a ɗaure, ta san wadda ta haifi wata da wadda ta fi nono. Ba ta taɓa bin su hanya ba, tana shekara bakwai aka kai ta makaranta. Baba ya rasu, Hadi ya rasu. Tana tafe tana lissafin wanda ya rage da ya taɓa kallon garken nan yana wucewa, har ta kai kwanar gidanta, sai ta tsaya cak. Mai shanu a baya yake tafiya, gindinsu yake gani. Wanda ke ƙare musu kallo tun daga gaba, safe da yamma, ido ba ƙyaftawa, shi ne mai gonar bakin hanya. Gonar da ke bakin burtalin Sara kuwa ta uban Dabo ce.

Ba al'ada ba ce dangin mace su taka zuwa wurin dangin namiji ana tsakiyar irin wannan magana. Turai ta auna wannan da fuskar Juwairiyya, ta ɗauki mayafinta.

Ta sami Dabo a rumfarsa ta kasuwar Birnin Kudu tsakanin buhunan gero, dattijo mai jiki da doguwar hula. Ya sha jinin jikinsa da ya gan ta, ya sa aka kawo benci, ya fara jero gaisuwa mai tsawo yana shirin kare kansa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ba maganar yara ta kawo ta ba.

"Alhaji, kana tune da shanunmu?"

Ya dube ta kamar bai ji daidai ba. Sannan ya ce ya manta da su ya tuna da me? Ya ce daga shekara bakwai zuwa goma sha biyu, duk damina, a kusurwar gonar nan ya yi ta tsayuwa da sanda, kuma duk ganyen dawa ɗaya da suka fizga a bayansa aka rama. Ta ce to ya faɗa mata yadda suke zuwa. Ya ce shi bai riƙe sunayensu na Filani ba. Ta ce ya faɗi kamanni, suna nata ne.

Ya lumshe ido. Ya ce ta gaba wata 'yar ƙarama ce baƙa mai farin goshi, ɓarauniya ta gaske, tana tafe tana kallon gefe. Turai ta ce Wule, autarsu ke nan. A bayanta mai ruwan ɗorawa, wadda duk abin da ta farkon ta yi sai ta yi. Ole. Sai baƙa mai farin ƙirji, sai mai farin layi a gadon baya, ko kuwa mai layin ce ta uku, nan ya ce ba zai rantse ba. Saige da Nore. Sai mai dabbare-dabbare, mai harbi. Amare. Ta ƙarshe kuwa tsohuwar ce mai ruwan toka, ba ta sauri, ba ta sata, ita kaɗai ce bai taɓa jifa ba.

Wato Fure, da Turai ta sa a gaba, ita ce a baya.

Ya tambayi abin da za ta yi da wannan tsohon zance. Ta ce in yana so ya gani ya taso, shagon Safiyanu ba nisa. Ya ce minti goma kawai gare shi, akwai motar masara da yake jira. A hanya ta kira Juwairiyya ta ce in ta tashi aiki ta biyo ta can.

Gwajin farko ya sake ba da tarkace, amma wannan karon sama da ƙasan allon sun fito daidai, tsakiya ce ta rikice. Safiyanu ya musanya ta uku da ta huɗu. Suna cikin jira Juwairiyya ta shigo da farar rigar aiki, ta ga wanda ke zaune, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma bayan kujerar gwaggonta ta tsaya. Dabo ya amsa yana kallon ƙasa.

Allon ya yi baƙi, ya yi kore. Manyan haruffa suka fito: BURTALI. Sai ga hanya ja tsakanin gonaki, an zana ta da ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma, ga kuka, ga wani dutse, ga shanu shida kowace da launinta. Kafin kowa ya ce wani abu suka fyalla da gudu kamar an harba su, suka tsallake allon, suka afka gona, wasa ya ƙare.

Safiyanu ya yi dariya ya ce ba laifin Malam ba ne. Wasan da bugun zuciyar tsohon inji yake auna lokaci, wannan kuwa ya ninka shi sau dubu. Akwai maɓallin rage gudu, zai riƙa dannawa, su faɗa masa in ya kai. Ya danna, shanu suka koma gudun doki. Turai ta ce rage. Ya rage. Dabo ya ce rage dai, saniya ce ba akuya ba. Ya ƙara ragewa, Turai ta ce ya isa, Dabo ya ce bai isa ba, Hajiya a ɗaure ta san su, da yamma in sun ƙoshi ba haka suke tafiya ba. Ta ce to ai safiya ce a wasan, dubi inuwar kukar. Ya duba, ya ce haka ne, a ƙara kaɗan. Suka tsaya a inda dukansu biyu suka ce nan.

Sai Safiyanu ya lura akwai sauti a ciki da bai fito ba. Ya buɗe wani wuri, ya sauya lamba biyu, ya jona lasifika, ya sake tayarwa. Shanu suka fara tafiya. Wule ta karkata wajen dawa. Daga cikin lasifikar, da 'yar shashshaka irin ta tsohon rediyo, aka yi fito, sannan muryar namiji, a sake, ba gaggawa:

"Wule. Kai, Wule, dawo hanya."

Wani da ya shigo buga takarda ya tsaya a bakin ƙofa.

"Muryar wa ke nan?" in ji Juwairiyya.

Dabo ne ya ce, "Ta babanki ce."

Safiyanu ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya nuna mata maɓallan: waɗannan huɗu na tafiya, lamba ɗaya zuwa shida na kira. Ta danna uku, ubanta ya kira Nore. Ta danna shida, ya kira Fure, da wata murya daban, mai taushi, irin wadda ake yi wa tsohuwa. Ta danna ta sake dannawa, ta manta da shanun, har Wule ta samu hanya ta zura kai a gona. Nan take wani ɗan mutum ya fito daga cikin dawa a guje, riga ta yi masa yawa har ƙasa, sanda ta fi shi tsawo. Rubutu ya fito a ƙasa: DABO YA GAN KI. KOMA BAYA TAKU HAMSIN.

Alhaji Dabo ya yi dariya har hularsa ta faɗo kan cinya. Ya ce wallahi rigar yayansa ce, shuɗiya, har launin bai manta ba, ɗan banzan nan Hadi. Ya ce a sake, a bar Wule ta shiga. Aka sake. Motar masara ta zo, direba ya yi ta kiran wayarsa, ya kashe.

Can ya nuna kusurwar allon, inda wata lamba ke ƙaruwa duk sanda shanun suka matsa, ya tambayi ko mene ne. Juwairiyya ta karanta masa: taku. Daga kuka zuwa dutse ɗari biyu da goma. Daga dutse zuwa kusurwar gona ɗari huɗu da talatin. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya sa yatsa a allon, tsakanin dutsen da gonar, ya ce a nan ne. Ranar ya je duba gonar, ya ga Hadi tafe da littafi a hammata. Sau uku ya yi masa sallama, Hadi ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce, baki yana motsi. Ya ce abin ya yi masa ciwo, mutumin da suka yi yarinta tare. Da ya ji labarin ɗakin nan na Gwaram sai ya haɗa biyun, ya ba kansa amsa, ya kuma ba wasu.

"Ƙirga yake yi," in ji shi. "Da ya amsa mini da ya koma kuka ya faro."

Ya ɗauki hularsa ya riƙe a hannu, ya ce Allah ya jiƙan Hadi, ya kuma yafe wa mai dogon baki.

Sai a gwaji na biyar Juwairiyya ta kai su mashaya, shida cif, ba wadda ta taɓa ganyen kowa. Shanun suka jeru a bakin ruwa suka sunkuyar da kai. Rubutu ya hau allon layi-layi: KIN KAWO SU LAFIYA, JUWAIRIYYA. WANNAN CE HANYAR DA KAKANNINKI SUKA BI. YANZU KIN SAN TA. BABANKI, GWARAM, 2006.

Dabo ya miƙe. Ya ce wa Turai ranar Juma'a bayan an sauko za su zo da goro da alewa, in gidan zai karɓe su. Ta ce ƙofa a buɗe take, kuma ta gode da shanun, ba don shi ba da har yanzu Fure na gaba. A bakin ƙofa ya juyo ya tambayi Safiyanu ko ana iya rage wa ɗan mutumin nan riga. Safiyanu ya ce ba ya taɓa aikin Malam.

Turai ta sa Safiyanu ya kira mata mutumin Kano, ta yi masa godiya da addu'a har ya rasa abin cewa. Shi kuwa Safiyanu ta dafa kansa mai furfura ta ce ta janye maganar ɗazu, ya wuce inda ta bar shi. Ya kwafi wasan a wuri uku, ya ɗora ɗaya a ƙaramar kwamfutar Juwairiyya, ya mayar da faya-fayen cikin ƙyallensu.

Ranar Laraba suka hau motar Gwaram su biyu, gwangwanin a cinyar Turai. Zahara'u ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin nan da aka daɗe ba a buɗe ba, ta aika aka kira maƙwabtan da suka sha jin kiran ta kan katanga. Turai ta miƙa mata gwangwanin ta ce ta mayar da shi inda yake, wurin ya karɓe shi, alwalar ce kawai ta yafe mata. Juwairiyya ta buɗe kwamfutar a kan turmi, ta ƙure sauti, ta danna ɗaya.

Malam Hadi bai taɓu ba. Wasan kwamfuta ya rubuta wa 'yarsa. A ɗaki muryarsa yake ɗauka, a burtali taku yake ƙirgawa. Ya gama a shekarar da ya rasu, yana jira ta iya karatu.